Tsofaffin Harsasai da Ɗurin Hannu: Wanne Ya Dace da Farautar Barewa?

Duk wanda ya gaji tsohuwar bindiga ko yake shirin sayen ɗaya, tambayar da yake fara yi ita ce wane harsashi ya fi ƙarfi. Ni na daɗe da daina ba wannan tambaya muhimmanci. Barewa, ko jar barewar Turai ce mai rassan ƙaho ko mai farar wutsiya ta Amurka, fatarta ba ta da kauri, ƙashin haƙarƙarinta kuma ba ya tare ƙwaya. Idan ƙwaya ta shiga ta bayan kafaɗa, ta buɗe, ta ratsa huhu biyu, magana ta ƙare. Tsofaffin harsasan da za mu duba a nan duk suna iya wannan aiki. Abin da ya raba su shi ne nisan da kowanne ke yin aikin cikin aminci, da ƙarfin bindigar da ke ɗauke da shi, da kuma ko ɗura shi da hannu zai ƙara maka wani abu ko ɓata lokaci ne kawai. A kan wannan na uku nake so mu tsaya, domin a nan ne mutane suka fi yin zaɓen tumun dare.

Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, makunni mai tayar da wuta a gindinsa, albarushi a cikinsa, sai ƙwaya a bakinsa. Ɗurin hannu shi ne ka ɗauki kwanson da aka riga aka harba, ka matse shi ya koma siffarsa, ka sa sabon makunni, ka auna albarushi, ka dasa ƙwayar da kai ka zaɓa. Ana auna ƙwaya da albarushi da giren, kuma giren 140 ya kai kimanin giram 9.

Bari in fara da .30-30 Winchester, saboda shi ne wanda ɗurin hannu ya fi ƙarancin taimaka wa. Ya fito a 1895 a bindigar Winchester samfurin 1894, mai liba a ƙarƙashi. Sunansa ma labari ne: faɗin ƙwaya inci .30, albarushi marar hayaƙi giren 30. Harsashin kamfani mai ƙwaya giren 150 yana fita da gudun ƙafa 2,390 a daƙiƙa, mai giren 170 kuma ƙafa 2,200. A bindigogin liba na wannan zubi harsasai suna jere ne a wani bututun ajiya ƙarƙashin bututun harbi, bakin na baya yana taɓa makunnin na gaba, shi ya sa dole ƙwayar ta zama mai faffaɗan kai ko mai zagayayyen kai. Da tsini gare ta, girgizar harbi na iya sa ta tayar da na gabanta a cikin bututun. Faffaɗan kai kuwa iska na cin gudunsa da wuri, don haka in an wuce mita 150 ƙwayar ta fara sunkuyawa sosai. Kamfanin Hornady ya fito da ƙwaya mai tsinin roba mai laushi wadda ta ɗan ƙara masa nisa, amma ba ta mayar da shi harsashin fili ba.

Alherin .30-30 yana nan: kamfanoni sun fi shekara ɗari suna ƙera ƙwayoyinsa don gudu guda ɗaya, ba don wani harsashi daban ba. Bawon ƙarfen da ya lulluɓe dalmarsu siriri ne, suna buɗewa daidai a wannan gudun. Bindigar kanta ba ta jure matsi mai yawa, iyakar da hukumar SAAMI ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin harsasai, ta sa masa ita ce fam 42,000 a kan kowane murabba'in inci, ƙasa ƙwarai da 60,000 na harsashin .30-06. Saboda haka mai ɗurin hannu ba shi da filin ƙara gudu, kuma ba shi da ƙwayar da ta fi ta kamfani nesa ba kusa ba. In farautarka a cikin kurmi ce, inda barewa ke bayyana a taku hamsin ko saba'in, ɗauki .30-30, sayi harsashin kamfani, ka kashe lokacinka wajen koyon harbi. Haka .35 Remington na 1906 yake, mai ƙwaya giren 200 da gudun ƙafa 2,080, sai dai shi samun harsashinsa ya yi wuya, wanda ke nufin ɗurin hannu zai taimake ka ta fuskar samu, ba ta fuskar ƙarfi ba.

Akwai wani abu da ya kamata a sani kafin a zaɓi waɗannan biyun. A Sikotilan doka ta ce dole ƙwayar farautar barewa ta fita da gudun da bai gaza ƙafa 2,450 a daƙiƙa ba. Harsashin .30-30 na yau da kullum bai kai ba, duk da ƙarfin dukansa ya haura abin da dokar ta nema. A Ingila da Wales kuwa faɗin ƙwaya da ƙarfin duka ake dubawa: ga manyan barewa kada faɗi ya gaza inci .240. A Jamus ana neman faɗin milimita 6.5 da ƙarfin jul 2,000 a nisan mita 100 ga manyan namun daji, kuma shi kansa ɗurin hannu sai da izinin hukuma bayan an yi kwas. Kowace ƙasa da nata tsari, akwai ma inda mallakar albarushi laifi ne babba. Duba dokar inda kake tun kafin ka sayi ko da ma'auni.

Yanzu ga inda zuciyata take. Harsasai biyu ne, 7x57 Mauser da 6.5x55 na Suwidin (lambar farko faɗin bututu ce, ta biyu tsawon kwanso, a milimita), kuma su ne suka sa nake ganin ɗurin hannu ya cancanci wahalarsa.

Paul Mauser ya ƙera 7x57 a 1892, sojan Sifen suka karɓe shi a 1893. Amurkawa sun ɗanɗana shi a yaƙinsu da Sifen a 1898, Turawan Ingila kuma a yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu, har daga baya kamfanin Rigby na Landan ya riƙa sayar da shi da sunan .275 Rigby. Shi kuwa 6.5x55, Suwidin da Norwe ne suka haɗa kai suka ƙera shi, suka fara aiki da shi a 1894, kuma har yau maharban ƙasashen nan suna kayar da babban naman nan mai faffaɗan ƙaho da ake kira mus da shi, dabbar da ta ninka barewa nauyi sau da yawa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Matsalar su biyun iri ɗaya ce. Akwai tsofaffin bindigogin soja masu yawa a hannun mutane, irin Mauser na Sifen na 1893, da na Suwidin na 1896, da Krag na Norwe, waɗanda ba su kai Mauser samfurin 98 ƙarfi ba. Shi 98 yana da haƙori na uku a sakatarsa, wato ƙarfen da ke kulle harsashi ta baya, don tsaro, kuma ya fi iya kawar da iskar albarushi daga fuskar mai harbi idan kwanso ya fashe. Kamfanin harsashi bai san a wace bindiga za a sa kayansa ba, don haka, musamman a Amurka, sai ya ɗura su sassauƙa yadda mafi raunin bindiga za ta jure. Shi ya sa za ka ga 7x57 mai giren 140 da gudun ƙafa 2,660, 6.5x55 mai nauyi ɗaya kuma wajen 2,550. Wanda ke da bindiga ta zamani mai ƙarfi a ɗaya daga cikinsu, littattafan ɗuri da dama suna ware masa jadawalin awon albarushi daban, kuma da shi 7x57 yana kamo 7mm-08 Remington na 1980, 6.5x55 kuma yana kamo 6.5 Creedmoor na 2007, har ya ɗan wuce shi domin kwansonsa ya fi ɗaukar albarushi. Wanda kuma tasa tsohuwar soja ce, wannan jadawalin ba nasa ba ne, ko kusa da shi kada ya je. Ƙarfen da ya shekara ɗari da ashirin ba a gwada haƙurinsa.

Amma ko a tsohuwar bindigar, ɗurin hannu yana da abin da zai ba ka, kuma ya fi gudu daraja. An yanke maƙogwaron waɗannan bindigogi, wato tazarar da ke gaban ɗakin da harsashi ke zama kafin a kai zanen cikin bututu, da tsawo, saboda harsashin sojan wancan zamani doguwar ƙwaya ce mai zagayayyen kai, giren 173 a 7x57, giren 156 a 6.5x55. In ka sa gajeriyar ƙwayar kamfani, sai ta yi tsalle mai nisa kafin ta kama zanen cikin bututu mai murɗa ta, sau da yawa kuma harbin ya watse. Mai ɗurin hannu zai zaɓi doguwar ƙwaya, ya dasa ta ta ɗan fito waje gwargwadon abin da ma'ajin bindigar ya yarda, sai ka ga bindigar da ake cewa ta tsufa tana tara harbi wuri guda. Murɗin cikin bututun Mauser na Suwidin kuma mai sauri ne, juyi ɗaya a kimanin santimita 20, don haka yana riƙe doguwar ƙwaya ba ta tangaɗi. Doguwar ƙwaya siririya mai matsakaicin gudu tana ratsa nama da nisa, ba ta tarwatsewa, ba ta kuma ɓata kafaɗa da ƙullutun jini kamar yadda masu tsananin gudu ke yi a kusa. Ga shi naushinsu a kafaɗar mai harbi mai sauƙi ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yawancin barewar da aka ji wa rauni ta gudu, mai harbin ne ya runtse ido ya fizgi kunamar bindiga saboda tsoron naushi.

Tsakanin su biyun fa? A kan barewa ban taɓa ganin bambancin da zan iya rantsuwa a kansa ba. Idan kana sa ran wata rana za ka nemi naman da ya fi barewa girma, 7x57 yana da ƙwayoyi har giren 175. Idan kuma saukin naushi da yawan zaɓin ƙwaya ne damuwarka, 6.5x55 ya ci gajiyar farin jinin Creedmoor, domin faɗin ƙwayarsu ɗaya ne, inci .264, kuma duk sabuwar ƙwayar da aka ƙera wa ƙanen, wan ma zai harba ta. Ni 6.5x55 zan ba sabon shiga. Ka lura kawai da cewa gindin kwansonsa ya ɗan fi na dangin .30-06 faɗi, don haka a sayi kwanson da aka yi dominsa, kada a ce za a matse na wani.

Sai .303 British, wanda zan daɗe a kansa don shi ne ya koya mini tsoron kwanso. Ya shiga aikin sojan Birtaniya tun ƙarshen shekarun 1880, kuma bindigogin Lee-Enfield sun bazu a duniya da miliyoyi. A kan barewa ba shi da aibu: ƙwaya giren 180 da gudun ƙafa 2,460 ta isa duk abin da ake bukata har mita 200. Sai dai abu biyu. Na farko, faɗin ƙwayarsa inci .311 ne ko .312, ba .308 ba, don haka ƙwayoyin .30-06 masu yawa ba su dace da shi ba, zaɓinka kaɗan ne. Na biyu shi ne mafi muhimmanci. An yi ɗakin harsashin Lee-Enfield da yalwa da gangan, don ya karɓi harsashi ko da laka ko ƙura a fagen fama, sakatarsa kuma ta baya take kullewa, tana ɗan bayarwa a lokacin harbi. Soja bai damu ba, sau ɗaya yake harba kwanso ya yar. Mai ɗurin hannu kuwa, duk harbi kwanson na miƙewa, in ya matse shi gaba ɗaya ya koma asali, sai ya sake miƙewa, tagullar tana sirancewa a wuri guda kusa da gindi.

Na ga wannan da idona a kwansona na ɗuri na huɗu. Wani siririn zobe mai ƙyalli ya fito kamar faɗin yatsa sama da gindi, na ɗauka gogar ɗakin bindiga ce. Na miƙe ƙaramar waya, na lanƙwasa bakinta, na zura cikin kwanson ina jan ta a jikin bango. Daidai wurin zoben sai na ji ta faɗa wani kwari. Da na tsaga kwanson da zarto, tagullar wurin ba ta fi kaurin takarda ba. Harbi ɗaya ya rage gindin ya rabu da jiki, iskar wuta ta yo baya. Na zubar da duk wannan rukunin a ranar. Maganin shi ne a matse wuyan kwanso kaɗai, a bar jikinsa yadda ɗakin bindigar ya siffanta shi, a ware wa kowace bindiga kwansonta, kada kuma a kai ɗuri ƙarshen jadawali. Saboda haka hukuncina a kan .303 shi ne: in kana da bindigar, riƙe ta, za ta yi maka aiki. In saye za ka yi don ɗurin hannu, akwai waɗanda suka fi shi sauƙin sha'ani.

8x57 na Jamus yana da nasa tarkon. Asalin bututunsa na ƙwaya inci .318 ne, a 1905 aka koma .323, wanda ake yi wa alama da harafin S. Sa ƙwayar .323 a tsohon bututun .318 haɗari ne, shi ya sa kamfanonin Amurka suke ɗura shi da rauni, giren 170 a gudun ƙafa 2,360, kusan sa'an .30-30, alhali na Turai yana gogayya da .30-06. A nan ɗurin hannu yana dawo masa da martabarsa, amma sai bayan maƙerin bindiga ya auna cikin bututun ya gaya maka wanne ne a hannunka.

.30-06 na 1906 da .270 Winchester na 1925 ba sa bukatar dogon bayani. Tsofaffi ne a shekaru, amma kamfanoni suna ɗura su da cikakken ƙarfi, ƙwaya iri-iri, kuma ana samun su ko'ina. Giren 150 a .30-06 yana fita da ƙafa 2,910, giren 130 a .270 kuma 3,060. Wanda ke farauta a fili inda harbin mita 250 ko 300 ba baƙo ba ne, kuma ba ya son zaman teburin ɗuri, a nan zai tsaya. In ma ya ɗura, amfanin da na fi gani shi ne na rage ƙarfi, a yi wa matashi ko mai ciwon kafaɗa ɗuri mai laushi daga jadawalin da aka buga don haka. Ba a rage albarushi da ka, domin wasu nau'o'in masu jinkirin ci suna da haɗari idan aka yi musu ƙasa da ƙa'ida.

Akwai ƴan tsakiya da nake ƙauna, irin .300 Savage na 1920, da .250-3000 Savage na 1915, da .257 Roberts na 1934 wanda daga kwanson 7x57 aka cire shi. Waɗannan ɗurin hannu ne ke raya su yanzu, don kamfanoni jefi-jefi suke yin su. Bindigar Savage 99 tana da ma'aji mai juyawa, don haka tana karɓar ƙwaya mai tsini, abin da ya ba .300 Savage fifiko a kan .30-30. Tsofaffin .250 kuwa murɗinsu a hankali yake, juyi ɗaya a inci 14, ba sa riƙe doguwar ƙwaya, kuma wannan ya kawo mu ga batun da zai ƙara girma nan gaba.

Wurare suna ta hana farauta da ƙwayar dalma. Kalifoniya ta hana gaba ɗaya tun 1 ga Yuli 2019. Ƙwayar jan ƙarfe zalla ba ta kai dalma nauyi ba, don haka a nauyi ɗaya ta fi tsawo, tana son murɗi mai sauri, kuma tana son gudu kafin ta buɗe sosai. A nan 6.5x55 da 7x57 sun yi sa'a da murɗinsu, mai ɗuri sai ya sauko zuwa giren 120 a na farko ko 140 a na biyu ya sami gudun da ake so. Masu murɗi a hankali da masu ƙarancin gudu su ne za su sha wuya. Duk wanda zai zaɓi tsohon harsashi yau, ya sa wannan a lissafi.

Kuskuren da na fi gani wurin sababbin masu ɗuri shi ne sayen ƙwaya mafi tauri da tsada, wadda aka ƙera don harsasai masu tsananin gudu, a ɗora ta a kan tsohon harsashi. A mita 200 gudun ya ragu, ƙwayar ta ratsa kamar allura ba ta buɗe ba, barewa ta shige duhuwa da ɗan digon jini, a kwana ana nema. Wannan abu yana ci mini rai, domin dabbar ba ta yi laifin komai ba, sakacin mai ɗuri ne. Tsofaffin harsasai da ƙwaya ta gargajiya mai bakin dalma a buɗe suka fi jituwa, don a irin gudunsu aka ƙera ta. Ƙwayar soja mai rufaffen kai kuwa ba ta farauta ba ce, kuma yawancin dokoki sun hana. Tsoffin harsasan soja ma sau da yawa makunninsu yana barin gishirin da ke cin bututu, kwansonsu kuma mai ramuka biyu ne irin na Berdan, wanda kayan ɗuri na yau da kullum ba sa iya cire makunninsa. Nemi mai rami ɗaya a tsakiya, irin na Boxer.

Ko wanne ka zaɓa, hanyar ɗaya ce. Kai bindigar wurin maƙeri ya duba ta tukuna. Sami littafin ɗuri na kamfanin albarushi ko na ƙwaya, bugun kwanan nan, kada ka ɗauki adadi daga bakin wani. Fara daga ƙasan jadawali, ka hau kaɗan-kaɗan, sannu ba ta hana zuwa. Gwangwanin albarushi ɗaya tak ya zama a kan tebur. Kafin ka dasa ƙwaya, haska tocila cikin kowane kwanso ka ga tsayin albarushin ya yi daidai da na ƴan'uwansa. In sakata ta yi nauyin ɗagawa bayan harbi, ko makunni ya baje, tsaya nan ka koma baya, kuma ka sani cewa tsofaffin bindigogi masu ƙaramin matsi suna iya wuce iyakarsu tun kafin waɗannan alamu su fito. Na'urar auna gudu ta fi ido gaskiya: in gudunka ya wuce na littafi, matsinka ma ya wuce. Harsasan da za ka fita daji da su kuma, ka yi su da kwanso sabo ko wanda aka harba sau ɗaya, sannan a filin gwaji, bakin bindiga na kallon tudun kariya, ka shigar da kowannensu ɗaki ka fitar, ka tabbata sakata tana rufewa a kansa ba gardama.